Zuwa ga Bilkisu, kan numfashin Sadik da fatarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bilkisu ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Sadik? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Ingila lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙon muryar da kika turo daren Talata sau uku na saurare shi. A bayan maganarki ina jiyo tarinsa, da fiton nan da ƙirji yake yi idan ya saki numfashi. Jikina ya yi sanyi, domin sautin nan na san shi, da shi na yi ta kwana a zaune lokacin Ummi tana shekara biyu. A waya ba ma taɓa gama magana, ko layi ya yanke ko yaro ya kira ki, shi ya sa na zauna na rubuta. Ki karanta a nutse, ki kuma karanta wa Umma.

Kin ce likita ya rubuta masa inhela biyu, wato maganin asma na shaƙa, kin saya kin ajiye, kina tsoron in ya fara ba zai daina ba. Ni ma haka na taɓa zata. Bari in gaya miki abin da na yi, don kada ki maimaita.

An ba Ummi inhela mai launin shuɗi, salbutamol, wadda ake kira Ventolin, da wata mai ruwan ƙasa da za ta riƙa shaƙa safe da yamma. Bayan wata biyu yarinya ta warware, tana gudu, tana barci har asuba. Sai na ce a raina me zai sa in ci gaba da ɗura wa lafiyayyen yaro magani, na daina mai ruwan ƙasar ban gaya wa kowa ba. Mura ɗaya ta kama ta, cikin dare biyu muka tsinci kanmu a motar asibiti, an rufe mata fuska da robar iskar oksijin. Kwana uku muka yi. Har yau in na tuna yadda take kallona ba ta iya cewa komai, sai hawaye ya zo mini.

A can wata nas ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Hanyoyin iska na mai asma a kumbure suke daga ciki, ko a ranar da yake wasa lafiya. In mura ko ƙura ko hayaƙi ya taɓa su, sai su ƙara tsukewa, majina ta taru. Shuɗiyar tana buɗe su ne cikin 'yan mintuna, aikinta ya ɗauki kamar awa huɗu, amma ba ta taɓa kumburin. Ɗayar ce take kwantar da kumburin a hankali, sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninta. Lafiyar da na gani a jikin Ummi aikin maganin ce, ni kuma na ɗauka ciwon ne ya tafi. Saboda haka ki fara masa, kuma ranar da kika ga ya fi kowa lafiya kada ki tsallake. Likita ne zai rage ko ya tsayar, bayan ya duba shi. Inhela ba ta zama jaraba, kuma maganin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, kai tsaye huhu yake zuwa.

Yadda ake ba shi ma abin lura ne. Yaro ɗan shekara biyu da rabi ba zai iya haɗa danna inhela da jan numfashi ba, maganin a harshe zai tsaya. Akwai wata roba mai kamar kwalba da ake kira sifesa, mai marufin hanci da baki. Ki girgiza inhelar, ki sa ta a bayan robar, ki manna marufin a fuskarsa, ki danna sau ɗaya, ya ja numfashi biyar ko shida, sannan a sake in akwai na biyu. Kada ki ba shi yana tsala kuka, ba ya shiga. Ummi sai da na riƙa sa wa 'yar tsanarta kafin ta yarda. Bayan ya shaƙi inhelar safe da yamma ɗin, ki goge masa fuska, ki ba shi ruwa ya sha ko ki wanke masa baki, don kada fararen ƙuraje su fito. In sifesa ta yi wuyar samu, ki tambayi likitan ya nuna miki yadda ake yi da robar ruwa mai cin rabin lita. Likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada ta tun 1999, suka ga tana aiki kamar ta kamfani.

Wannan kuma ki rubuta ki manna a bango, maigidan ma ya haddace. In numfashi ya sarƙe, ki zaunar da shi tsaye, kada ki kwantar. Shuɗiyar, danna ɗaya duk rabin minti zuwa minti ɗaya, har goma in ta kama. Ki ɗaga rigarsa ki kalli ƙirjin. In fata tana shigewa tsakanin haƙarƙari ko a gindin maƙogwaro, in ya kasa magana ko shan ruwa, in leɓe ko harshe ya sauya launi, in ya yi laushi yana lumshe ido, ku kama hanyar asibiti ko ƙarfe nawa ne, kuna ba shi a hanya. Kada a jira gari ya waye. Maganin tari na kwalba ba ya buɗe ƙirji, lokaci kawai yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 asma ta kashe mutum kusan 455,000, akasarinsu a ƙasashen da samun inhela ke da wuya. Ke kuwa tana cikin ɗakinki. Kuma in kin ga yana buƙatar shuɗiyar sau uku ko fiye a mako, ko tari yana tashinsa da dare, ki koma wurin likita, alama ce ba a riƙe ciwon ba tukuna.

Hayaƙi ko wane iri ne, ko mai daɗin ƙamshi, a raba shi da ɗakin da yake kwana. In za a yi shara a fitar da shi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai fatar. Na ga hoton bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannunsa, irin na Ummi ne sak. Wannan egzima ce, ba ƙyasbi ba ce, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka. Ki gaya wa duk mai janye ɗansa daga kusa da shi. Ita da asma 'yan gida ɗaya ne, sau da yawa fata ce take farawa, ƙirji ya biyo baya, kuma suna bin jini. Kin tuna yadda Baba yake atishawa da jan ido duk lokacin ƙura? Duk dangin abin ne. A nan yaro ɗaya cikin biyar yana da ita. Abin da ya wahalar da ni da farko shi ne duk takardun da aka ba ni cewa suke fata za ta yi ja, ta Ummi kuwa duhu take yi, ta yi toka-toka, ta yi kauri. A fatarmu haka take fitowa, kuma in ta lafa takan bar tabo mai haske ko mai duhu. Kada tabon ya tayar miki da hankali, yana komawa da kansa, sai dai yana ɗaukar watanni.

Fatar irin yaran nan ba ta riƙe ruwa. Tana bushewa, ta tsage, ƙaiƙayi ya taso, ya sosa, ta ƙara tsagewa. Maganinta na kullum mai ne mai kauri mara turare, ko basilin zalla, a jiki duka, aƙalla sau biyu a rana, har ranar da fatar take sumul. A nan abin da ake rubuta wa yaro giram 250 zuwa 500 ne a mako, don ki san ba ɗan dangwale ake nufi ba. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayoyin cuta. Ki tsane shi da tawul a hankali, ki shafa man tun jikin da sauran laima, kina bin yadda gashi ya kwanta. Farce a yanke, tufafi na auduga. Man yana shiga tufafi da zanin gado ya sa su saurin kamawa, don haka a kiyaye shi da wuta.

In ta tashi sosai, likita zai ba da man sitiroyid mai sauƙi kamar haidirokotizon, a wurin ciwon kaɗai, na 'yan kwanaki. Abin da ya cika daga kan yatsarki zuwa gaɓar farko ya isa faɗin tafin hannunki biyu. Amma don Allah, Bilkisu, man nan da kika ce wata ta ba ki, wai yana maganin komai cikin kwana biyu, ki karanta jikinsa. In kin ga clobetasol ko betamethasone, kada ya sake taɓa fatar Sadik ba da izinin likita ba. Sun yi wa jikin yaro ƙarfi, suna sirantar da fata, kuma in an daina ciwon yakan dawo fiye da da. In kuma wurin ya fara ruwa, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu rami suka fito da zazzaɓi, a ranar za a kai shi asibiti. Kada kuma ki fara hana shi abinci iri-iri bisa zato, yaro ne mai girma. In kina zargin wani abu, ki rubuta ki kai wa likita.

Umma, na san kuna cewa mu a zamaninku ba a yi mana duk wannan ba, kuma ga mu mun girma. Gaskiya ne, Allah ya saka muku da alheri. Roƙona ku taya Bilkisu tunawa da na safe da na yamma, domin in kuka ce a ba shi, babu mai musu. Takwararku yanzu shekararta biyar, da kanta take ɗauko robarta, kuma mun fi shekara ba mu kwana asibiti ba, alhamdu lillahi.

Bilkisu, ki ɗauko mini hoton inhelolin biyu da na man nan, gaba da baya. In ya sake yin fiton, ki ɗauki bidiyon ƙirjinsa ba riga, ki nuna wa likita, don sau da yawa kafin a isa wurinsa yaro ya lafa. Na sayi sifesa biyu, ina neman mai tahowa in ba shi, amma kada ki jira su, ki fara yau.

Ki gaida maigidan da su Yaya. Ummi ta ce a gaida Sadik, wai ta ajiye masa 'yar motarta.

Taki har kullum,
Yaya Hadiza