Tashar Eriya Ma Tana Kulluwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in tanka wa 'yan uwa na gida masu cewa tashar da ake kamawa da eriya ba ta kulluwa, wai tunda a iska take yawo. Sana'ata ɗaura dish da saita risiba ce a nan Jidda, kuma ina tabbatar musu tana kulluwa sarai.

A tsohon tsari, duk mai eriya yana kama hoto, ko da dishi-dishi ne. A tsarin dijital kuwa lambobi ne ke tahowa, sai akwati ko na'urar cikin talabijin ta mayar da su hoto. Mai tasha yana iya dagula lambobin, ya ba da mabuɗi ga akwatin da ya ga dama kawai. Sai ka ga sigina ta cika taf, allo kuma baƙi ƙirin. Nakan je gida a ce mini iska ce ta karkatar da dish, in hau rufi cikin zafin nan na Jidda in duba, in sauko in ce, "Alhaji, kayanka lafiya lau suke, tashar aka rufe." Abin da ake yi ta tauraron ɗan Adam, shi ake yi ta eriya. GOtv ai da eriya ake kama ta, amma ranar da kuɗinka ya ƙare ka san abin da ke faruwa.

Ba kuma tashoshin kuɗi kaɗai ba. A Japan, tun 2004 tashoshin kyauta ma a kulle suke zuwa, sai da katin buɗewa na B-CAS ko makamancinsa ake buɗe su. A Amurka, wasu tashoshin kyauta da suka koma sabon tsarin ATSC 3.0 sun kulle shirye-shiryensu, har wasu da suka sayi na'ura da kuɗinsu suka wayi gari ba ta nuna musu. A Afirka ta Kudu kuwa rigimar a sa kulle a akwatin dijital da gwamnati ke rabawa ko kada a sa sai da ta kai kotun tsarin mulki, aka yanke hukunci a 2017.

Mu a nan mun saba da ƙwallo a kulle, ban kuma ga laifin wanda ya zuba miliyoyi ya sayi gasa ya nemi riba ba. Amma tashar Alƙur'ani ta Haramin Makka da ta Sunna ta Madina a buɗe suke, ba kati ba kuɗin wata. Tsohuwar da ba ta da ko riyal ɗaya tana kallon ɗawafi daga ɗakinta.

Abin da ke damuna shi ne Najeriya. Da aka fara komawa dijital a Jos a 2016, akwatin FreeTV ya zo da kuɗin shekara na naira 1,000. Kuɗin ba yawa, na yarda, amma ma'anarsa akwatin yana iya rufewa ke nan, kuma wanda ke iya rufe wa wanda bai biya ba yana iya rufe wa kowa, ko ranar zaɓe ce.

Don haka ina kira ga hukumar NBC mai kula da tashoshin rediyo da talabijin da 'yan majalisa su rubuta a doka ƙarara: NTA da tashoshin jihohi irin su ARTV ta Kano, da aka gina da dukiyar talakawa, su zama a buɗe ga duk talabijin mai kama DVB-T2, wato tsarin dijital na eriya, ba tare da akwatin wani kamfani ba.

Naku,
Wani mai saita risiba,
Unguwar Karantina, Jidda