Abba, ka karanta wannan kafin ka sake fita

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Zariya lafiya. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi da sanyin nan. Ka tafi da asuba ba mu yi sallama ba, na kuma san dalili. Na ɗauki biro ne don in na kira ka a waya ɗayanmu zai ɗaga murya, kuma wannan halin ba a ƙasa ka tsince shi ba.

Goggonka ta Kawo ce ta zo da maganar. An nuna mata bidiyo a waya, kai ne tsaye bisa benci kana jawabi, yara sun kewaye ka, wani daga baya yana ihun sojoji muke so, kai kuma ba ka tsawata masa ba. An ce kuna shirin sake hawa titi. Ummanka tun ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Abin da ya fusata ka ni ma ya fusata ni. Ni ke zuwa Kasuwar Bacci, na san yadda mudun shinkafa ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na san abin da fanshona ke saye a da da abin da yake saye yau. Ba zan ce maka ka yi shiru ba. Amma abu ɗaya ne ke hana ni barci, kuma sai na faɗe shi.

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 na ga yaran nan a talabijin, waɗanda aka kwasa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da nan Kaduna. Wajen wata uku suna tsare, aka kawo su babbar kotun tarayya a Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa zai iya kaiwa kisa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, haƙarƙarinsu a waje. Aka sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. Ɗan wa? Ɗan mai faci da ɗan mai sayar da rake? Da ƙasa ba ta ɗauki surutu ba har shugaban ƙasa ya ce a sake su, Allah kaɗai ya san inda za su ƙare. Na duba ɗakin kotun nan da kyau, ban ga ko ɗaya daga cikin waɗanda suka raba musu tutar Rasha a zanga-zangar ba. Telolin da suka ɗinka ta an kama su. Ni duk yaron da kamara ta haska, fuskarka nake gani. Ina tashi tsakar dare in ga kaina zaune bakin ofishin 'yan sanda da kwanon abinci, ana ce mini ba a san da sunanka ba. Gidan nan ya riga ya rasa mutum ɗaya a rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011, ka san abin da ya mai da Hajiya yadda take. Ba za mu iya na biyu ba. Ba zan iya ba, Abba.

Sannan maganar da ka yaɓa mini a gaban ƙannenka, wai mu ne muka naɗe hannu ƙasa ta lalace. Kai, yaro. A 1979, ban kai shekarunka ba, muna bin gida-gida da ƙafa muna yi wa jam'iyyar PRP aiki, ba ko sisin kwabo, har Balarabe Musa ya zama gwamna. Abin da ya biyo baya shi ne karatun da nake so ka ɗauka. Gwamna namu, majalisar jiha ta jam'iyyar NPN. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, a watan Yunin 1981 suka tsige shi. Kowa idonsa na kan babbar kujera, ƙananan kujerun da aka raina su suka yi aikin. Sojan da abokinka ke kira kuwa, mun zauna ƙarƙashinsa. Mun ga dokar soja mai lamba 2 ta 1984 da ake tsare mutum da ita ba shari'a. Mun ga an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Shehu Musa 'Yar'aduwa, janar guda, a kurkukun Abakaliki ya rasu a 1997, balle kai ɗan malamin gona. A mulkin farar hula aka yi surutu aka saki yaran can. A wancan zamanin mai surutun ne zai bi bayansu.

Ka san ni ban iya wata magana ba sai ta ƙasa da itace, don haka ka yi haƙuri da ni. Lokacin da nake aiki, duk damina akwai ranar dashe. A kafa rumfa, a kira makaɗa, babban mutum ya zo da farar riga ya sa ɗan turare ko darbejiya a rami, a zuba ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto. Kafin kaka awaki sun ci rabi, rani ya ƙarasa sauran. Baɗi a sake haƙa rami gefen na bara. Ba wanda ya ɗauki itacen nan nasa, don haka ba wanda ya ɗebi ruwan randarsa ya ba shi.

Dangin Hajiya na Maraɗi sun sha irin wannan. Bayan farin shekarun 1970 gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka sai an maimaita. An zuba kuɗi a kan dashe, akasari ya mutu. Sai wani Bature ɗan Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya lura wajen 1983 cewa 'yan sabara da kalgon da ake sharewa duk shekara lokacin sassabe toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni. Saiwarsu na nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Aikin da ya rage kaɗan ne. Manomi ya duba kututture, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga akuya da wuta. Wuƙa ma ta isa. Bayan shekaru, masu binciken da suka duba da hoton tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili hekta miliyan 5, kuma ba dasa su aka yi ba. Ka ga gawon da ke gonar Baba Tsoho da muka je ta'aziyya, wanda ke zubar da ganye da damina gero ya sami rana da taki. Irinsu ne.

Abu biyu ne masu ba da labarin kan tsallake. Da can, itace ko a gonarka yake na hukuma ne, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, don haka gara ka kashe shi tun yana ƙarami ka huta. Sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne ya fara kula da shi. Na biyu, waɗanda suka fara su kaɗai dariya aka yi musu, aka ce gonarsu ta ƙazamai ce, da dare kuma a zo a sace musu itacen. Abin bai zauna ba sai da ƙauye ya taru, manomi da makiyayi da matan da ke neman itacen girki, suka sa ƙa'ida, suka naɗa masu tsaro daga cikinsu.

Dimokuraɗiyyar da ka ce ta mutu, sare ta aka yi, a 1966, a 1983, a 1993. Duk sarewa sai ta toho, saboda akwai abin da ke ƙasa. Mutanen da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 ba su da mota ba su da bindiga, teloli ne da 'yan kasuwa da malaman zaure. Hajiya Gambo Sawaba, a garin da kake zaune, ta sha ɗauri da duka tana neman matan Arewa su sami ƙuri'a, ba a ba su ba sai ƙarshen shekarun 1970. Yau kututturen suna nan kewaye da kai, ka raina su ne kawai. Kwamitin masallaci, ƙungiyar iyaye da malamai, 'yan sintirin unguwa, ƙungiyar masu Keke, har adashen Ummanka. A nan mutane ke zaɓen shugaba, su nemi lissafi, su sauke ma'aji in ya ci amana. Matan da suka tsare uwar adashe sai da ta kawo kuɗinsu cif, ba sai ka koya musu bin haƙƙi ba. Nuna musu kawai cewa kuɗin ƙaramar hukuma ma nasu ne.

Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, mazaɓu 255. Faɗa mini sunan kansilan mazaɓarmu. Na san ba ka sani ba, ga shi kana iya jero mini sunayen shugabannin Burkina Faso da Mali. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wa ya je sakatariya ya tambayi inda maganar ta kwana? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Mai maguɗi ba abin da yake so irin rumfar da ba kowa. Doka ta ce a ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban jama'a, a faɗi sakamako, a ba wakilan jam'iyyu takardarsu. Samari goma da suka san juna, suka tsaya har dare ɗaya na riƙe da tocila ɗaya na ɗaukar hoton takardar, sun fi wa ɓarawon ƙuri'a ciwo a kan mutum dubu da ke ƙona taya a titin Ahmadu Bello. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, 2027 ba nisa.

Wani abu kuma, na duba bidiyon ban ga kowa daga ƙetaren gadar kogin Kaduna ba. Tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, mu nan su can, kuma masu mulki sun ji daɗin haka. In tafiyarku ba ɗan Sabon Tasha, ba ɗan Barnawa, ba ɗan Kakuri, ranar da kuka fito kalma ɗaya za a jefa a ce rikicin addini ne, shi ke nan an gama da ku. Tsadar gari ba ta tambayar sunan mutum.

Ban ce fita haramun ba ce, tsarin mulki ya ba ka ikon taro. Amma in har za ka fita, ka san kowa da sunansa da gidansu, ku sami lauya tun kafin ranar, kada ka ɗauki ɗan kowa da bai kai shekara 18 ba, kuma duk wanda ya ɗaga tutar wata ƙasa ko ya kira soja, ku fitar da shi da hannunku. In ba za ka iya waɗannan ba, ban yarda ba, kuma ka san ban cika faɗin wannan kalmar ba.

Na yi zafi, na sani. Cikin 'ya'yana kai ne ka ɗauko zuciyar wanda ka ci sunansa, kuma da na ji jawabin naka har ƙarshe, wallahi ka iya magana, har na ji wani abu a ƙirjina da ba zan faɗa wa Ummanka ba.

Mai unguwa ya kira taro ranar Asabar ta ƙarshen wata bayan la'asar, kan magudanar ruwan layinmu da kuɗin taransifoma da aka tara ba a ga lissafi ba. Suna neman mai rubutu da zai riƙe littafi ya kuma rubuta takarda zuwa ga kansila. Na riga na ba da sunanka, ka yi fushi in ka ga dama. Ka taho da katin zaɓenka mu duba ko rumfarka na nan inda take. Hajiya ta ce ka sayo mata man zafi irin na wancan karon, na nan ba ya yi mata. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka