Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi da Bincike: a buɗe wa attajiranmu ƙofar wakafin binciken birni

Mai girma Minista, barka da aiki.

Ba sai mun tuna muku Satumbar 2020 ba, lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan layi yana kan 620. Ganuwar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya kwana a ɗakunan mutanen unguwannin Karaje da Kirkisoye. A 2024 ma an sake ɗanɗanawa. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ilimin da zai gaya wa hukumar birni inda ruwa zai bi, har yau kuɗin baƙi ke riƙe da shi, kuma kuɗin baƙi galibi shekara 3 ne ko 4.

Ga yadda abin ke lalacewa. Ambaliyar da ke cin Yamai a Agusta da Satumba ba ruwan Gini ba ne, wannan sai cikin hunturu yake isowa, a hankali. Jan ruwa ne na kogunan Sirba da Dargol da Gorwal masu zuba cikin kogin Isa, wanda ke gangarowa daga ƙasar da ta ƙeƙashe, ta daina shan ruwa. Gane halinsa sai da awo na shekaru masu yawa, ba tare da giɓi ba. To, masu tallafi sukan kafa na'urar awo a bakin ruwa, da farantin hasken rana, da batir, da layin waya mai aiko lissafi. Ranar da yarjejeniya ta ƙare, batir ya mutu babu mai sauyawa, kuɗin layi ya yanke, rairayi ya binne bakin na'urar, mutumin ƙauyen da ke karanta sandar awo safe da yamma ya daina samun ɗan hasafinsa ya koma gona. Damina biyu aka rasa, lissafin shekara goma ya gurgunce. Sai wani mai tallafin ya zo, a fara daga bismilla. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da yawansu ma sun naɗe tabarma.

Alhali masu ilimin suna nan: Jami'ar Abdou Moumouni, cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta AGRHYMET, cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, ga hedikwatar hukumar kogin Neja a cikin garin. Masu hannu da shuni ma suna nan, kuma ba marowata ba ne. Suna gina masallatai, suna haƙa rijiyoyi, ranar ambaliya su ne da buhunan shinkafa da tabarmi. Amma alhajin da ke son sadaka mai gudana ta hanyar biyan kuɗin awon kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai, ko taswirar tudu da gangaren Harobanda da ke ƙetaren kogi, ƙofar wa zai buga? Dokar wakafi tana nan, hukumarta tana nan. Ku zauna da ita a fitar da asusu guda na binciken birni: a taɓa riba a bar uwar kuɗi, malamai su tantance wanda za a ba, a buga lissafin kowace shekara kowa ya gani, kuma sharaɗi ne a ajiye sakamakon awo a jami'a, ba a kwamfutar ƙwararren da zai hau jirgi ba. Wanda ya bayar a sassauta masa haraji.

A Khartum, a 2006, ƙasashen Afirka sun yi alkawarin zuba kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a bincike. Ba ma shi muke tambaya ba, kada a ce mun cika buri. Kuɗin batir muke roƙo, Ranka ya daɗe, da na mai karanta sanda.

Akwai batun shara da ke toshe magudanai, da filayen da ake yankawa a kan hanyar ruwa, da kuma lissafin mutanen birnin da aka daɗe ana jingina shi da ƙidayar 2012. Waɗannan sai wani jiƙon. A fara da asusun, kafin watan Mayu, tun bakin kogi yana takuwa.

Wasu masu binciken ruwa da tsarin birni, Yamai