Kowa cewa yake waƙata ta yi, amma ban yarda ba

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ina sauraren shirinku duk sati a shago, yau dai na ce bari ni ma in kawo tawa damuwar.

Ni tela ne a unguwar Zango nan Damagaram, shekarata 26. Tun ina lakwal nake rubuta waƙa, yanzu ina da guda 14 a cikin kaye, uku na shiga sitidiyo na buga su, kowace jika 15, kuɗin ɗinkin sallah ne na tara. Matsalata ita ce na rasa mutum ɗaya da zai gaya mini gaskiya a kansu.

In na kunna a fadarmu da dare ana shan shayi sai ka ji "kai mutumina ka kashe mu, wallahi Kano ce kawai ta rage maka", in na tura a WhatsApp sai hoton wuta da babban yatsa, wani ma ko minti ɗaya ba a yi da turawa ba ya amsa alhali waƙar minti biyar ce. Mai sitidiyo kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, wanda ka biya ai ba zai ce hajarka ta ruɓe ba. Abin da ke ba ni mamaki, a ɗinki ba haka mutane suke ba. In wuyan riga ya karkace kiliyan a gabanka zai faɗa, har da ƙari. Amma waƙa sai kara ta hana, kowa na tsoron a ce hassada yake.

Har gwada su na yi Malam, Allah ya yafe mini. Na rubuta baiti biyu da gangan na lalata, amsa-amo bai haɗu ba, ma'ana babu, na rera musu. Suka ce ai wannan ta fi ta baya. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa faɗa mini gaskiya, gwaggona da ke Mirriya, wadda a ƙuruciyarta ita ke ba da waƙa a dandali ƴanmata na amsawa. Na kunna mata a waya ta saurara shiru har ƙarshe, sannan ta ce "ɗan nan amshinka ya yi tsawo, yarinya mai tallan ƙosai ba za ta iya ɗaukarsa ba, kuma waƙar da yara ba su ɗauka ba a ɗaki za ta kwana." Ta ce kiɗan fiyanon ya danne muryata, na'urar gyaran murya kuma ta mai da ni kamar kowa. Sai ta kawo wadda ta fi ci mini rai. Akwai inda na ce na bar gari saboda masoyiyata, to don in cike kiɗa na ja kalmar da yawa, ta ce ita garin tuwo ta ji, wai wace irin soyayya ce ta hana ni tuwo. Matan gidan suka yi ta dariya. Na hau moto na dawo Damagaram ina huci, kilomita 18 ɗin nan ban san na yi su ba, kwana uku ban kira ta ba. Da na huce na sake saurare, wallahi duk abin da ta faɗa haka yake.

To kun ga ni ma da laifina, ina neman gaskiya amma da ta zo fushi na yi. Kuma gwaggo ta san waƙar gaɗa ne, ba ta san abin da matasa ke so a TikTok ba, ba komai zan kai mata ba.

Na yi tunanin tura wa manyan mawaƙa ko masu sitidiyo na Kano su duba mini, sai abokai suka tsorata ni, wai sai dai wata rana in ji amshina a bakin wani. An ce in fara yin rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa da ke Yamai, to Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, in rufe shago in tafi saboda waƙar da ban ma tabbatar tana da kyau ba?

Malam don Allah ku ba ni shawara. Wa ya kamata in kai wa waƙata, kuma wace irin tambaya zan yi wa mutum da za ta sa ya ajiye kara ya faɗi aibin? In ba da ita a sa a gidan biki ba tare da an faɗi mai ita ba, in tsaya gefe in ga ko za a tashi rawa, ko hakan ma yaudarar kai ce? Ina da sabuwa da nake son bugawa kafin sallah, kuɗin na hannuna amma na kasa kai su.

Naku mai saurare,
wani tela daga Zango, Damagaram