Rahoton Kwamitin Gyaran Rufin Gidan Gado

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, na gida da na nesa.

A zaman zumunci na bayan Ƙaramar Salla aka ɗora mana nauyin gyara rufin gidan kakanmu da ke cikin birnin Kano kafin ruwa ya sauka. Alhamdu lillahi an gama, ga yadda aka yi.

Da soron zaure muka fara, don shi ne ya fi tayar wa kowa hankali. Mun hau da tunanin tsufa ne ya ci shi, sai muka tarar sakacinmu ne. Indararo biyu duk sun toshe da leda da ganyen darbejiya, har ciyawa ta tsiro a kai. Ke nan duk ruwan Agustan bara a saman ya riƙa kwana, yana tsatsafowa ta tsagar yaɓe. Azara uku kawai suka ruɓe, su ma daga bakin da ya shiga bango. Sauran kuwa garau, domin azarar giginya gara ba ta cika iya mata ba in dai ba ta jiƙe ba.

A nan aka ja. Matasanmu suka ce a sauke soron a buga kwano a huta. Baffa ya ce a zauren nan ake zaman azahar a watan Afrilu ba tare da fanka ba, wane kwano ne zai ba mu wannan? Dattijon maginin da muka ɗauko ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce bangon zai ɗauki nauyin rufin ƙasa. Kwamiti ya bi bayan Baffa, kuma ba mu yi nadama ba.

An ƙwaƙule tsohon yaɓe, an sauya azarun, an shimfiɗa zana. Ƙasar da aka kwaɓa sai da ta kwana ta tsima kafin a ɗora, aka daɓe ta da gangara zuwa bakin indararo, sannan aka bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mun so laso, wato simintin gargajiya, to amma haɗa katsin marina da gashin jima da dafara yana son lokaci, ga hadari ya fara haɗowa. Indararon kuma an sa masu tsawo, don ruwa ya daina zuba a gindin bango.

Sashen iyayenmu mata kwano ne, aikinsa bai da tarihi mai yawa. Bandir ɗaya muka saya, falle 20, aka sauya waɗanda tsatsa ta huda. Katakon da gara ta ci an cire, sabon an shafe shi da baƙin mai, aka ɗaure shi da langa-langa a jikin bango saboda iskar farkon damina. Kuskure ɗaya dole mu faɗa: kafintan farko ya buga ƙusa a kwarin kwano maimakon tudunsa, wato daidai hanyar ruwa. Mu ma ba mu lura ba sai da aka yi yayyafi ɗakin Inna ya ɗiga. An cire falle huɗu an sake, da ƙusa mai hula, kuma asarar daga asusu ta fita.

Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana hannun ma'aji tare da rasitai, duk mai son gani ya neme shi. Ɗan abin da ya rage bai isa silin ɗin ɗakin Inna ba, mun bar shi sai bayan kaka.

Mun raba wa samarin gida aikin hawa soro: shara da yashe indararo kafin ruwan fari, sai dubawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. A hau ba takalmi, kuma kada a sake shanya itace ko ajiye tsofaffin tayoyi a sama. Makuba za a sabunta ta baɗi in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Kwamitin Gyara