A bayyana mana dokokin gandun Yankari

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni fili in ɗan yi magana kan gandun dajin Yankari da ke Alƙaleri. Tun 1956 aka keɓe wurin nan, a 2006 kuma ya dawo hannun gwamnatin Bauchi, kuma gaskiya ni ina goyon bayan dokokinsa, ba farauta, ba sare itace, ba shigar da shanu kiwo, in ba haka ba wallahi giwayen da suka rage ma sai mu wayi gari babu su.

Amma fa doka sai an san ta. Mai zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki ya yanki tikiti ya shiga abinsa, to manomi da makiyayi na ƙauyukan gefe fa, su da giwa ke ɓarnata wa gona, ina za su kai kuka, kuma takardar izini wa ake ba, a wane ofis? A riƙa faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci, a zauna da masu unguwanni da arɗo-arɗo tun kafin a kai ga kame da tara.

Naka,
Mai karatu daga Bauchi