Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Maharba, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Baba Sarkin Baka, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maharba, ina gaisuwa.

Da maganar kuɗin wata zan fara, don ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sefa 1,000 muka yanka wa kanmu, ba wanda ya tilasta mana, amma waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na bi mutane gida gida da babur ɗina da man aljihuna. Wani na hango takalminsa a bakin zaure, yaro ya fito ya ce ba ya nan. Kuma irin waɗannan su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana da rufin ofis. Ga inda aka kwana: an sayi katako, kuɗin kwano bai taru ba, damina ta sauka, sai muka jibge katakon a gidan ma'aji don kada gara ta cinye. Littafi yana nan ga mai son dubawa.

An yi zaman wata tara, uku ba a yi ba don rashin mahalarta.

Zaman da muka nema da mai hayar dajin da ke kudu da mu bai yiwu ba. Sau biyu muka kai takarda, sau biyu aka ce sai mun zo da cikakken jerin sunaye da shaidar rajista. Ta yaya zan haɗa jeri alhali rabinku ba ku kawo hoto ba? Kun san yadda jihar Arewa take: gandun Binuwai, Faro da Buba Njida, ga yankunan farauta da gwamnati ta bayar haya kewaye da su, inda baƙi daga Turai da Amurka ke biyan kuɗi masu yawa su harbi ɓauna da manyan namun daji. Abin da ya rage auduga da masara sun cinye, ga garken shanu, ga masu haƙar zinari. Tun dokar daji da namun daji ta 1994 an bar mana farautar gargajiya da kayan itace, amma ban da cikin gandu, ban da filin wani. To filin wani kullum ƙaruwa yake. Fadamar da muke bi bayan girbi tun muna yara, bana mun tarar an zagaye ta da waya, mai gadi ya ce wani babba ya saye. An sake dokar a 2024, mun so ɗauko wanda zai karanta mana ita da Hausa, kuɗin motarsa ma ya gagara.

Naman kuma ya sauya. Gwanki da kanki da mariya sun ja can ciki, sai mugun dawa da birai da ke ɓarna a gonaki suka yawaita, ga dorina tana damun masunta da manoma wajen Lagdo. Dattawanmu sun san karkanda a dajin nan, a 2011 aka bayyana cewa irinta ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. Ba mu muka yi ba, amma tun daga nan duk mai kare da gora ana masa kallon ɓarawon daji.

Shi ya sa farautar gayya da muka yi da sanyin bana ta faranta mini rai ƙwarai. Jauron ƙauyen da kansa ya aiko, manoma suka yarda a shiga gonakinsu, muka sanar da ma'aikatan gandun daji tun da wuri, ɗayansu ya raka mu. Ba a ɗauki bindiga ko ɗaya ba, gora ce da baka da karnuka. Da asuba makaɗi ya saki ganga, Baba Sarkin Baka ya yi kirarin da rabon mu ji shi an daɗe, har wani dattijo ya share hawaye. An samu zabi da fakara da zomaye, aka raba a gindin tsamiya, aka ware kason jauro da na gidajen marayunmu. Abin da ba zan manta ba shi ne a bakin rafi: Baba ya tsayar da yara, ya durƙusa ya nuna musu sawun gada a laka, ya ce mace ce kuma tana da ciki, dubi yadda ƙafar baya ta nutse. Ya sa aka ɗaure karnuka har muka wuce wurin. Ma'aikacin nan yana tsaye yana kallo, da za mu rabu ya ce ƙofarsu a buɗe take gare mu. Manoman ma sun ce mu dawo baɗi.

Masu cewa ba a gaya musu ba, an yi shela a zama biyu, ba ku zo ba ne. Wasu kuma ranar rabon nama kawai muka ga fuskarsu.

Allurar haukan kare ba a yi wa karnukanmu ba, ita ma kuɗi ne. A zama mai zuwa kowa ya zo da hotonsa biyu da bashin da ke kansa. Baba ya ba da izini a karanta sunayen masu bashi a gaban jama'a, kuma zan karanta.

Magatakarda